Sharhi Tsakanin Layuka

Shekarar da aka mayar da ni aiki kudu, kunnen Baba ya riga ya yi nauyi. Waya ba ta da amfani a tsakaninmu, sai mu ɓata lokaci ina ɗaga murya yana cewa "na'am?" Shi kuwa tsohon malamin firamare ne, karatu bai taɓa ba shi wahala ba. Don haka na ɗauki tsohuwar kwamfutata na kai masa ƙauyenmu, can bayan Dawakin Tofa, na sa mata wata ƙaramar manhajar imel marar hoto, wadda raunin sabis ɗin garin ba ya hana ta aiki.

Manhajar tana da fayil guda na saiti. Kowane layi da aikinsa: wannan yana faɗin inda wasiƙa za ta shigo, wancan inda za ta fita. In layi ɗaya ya lalace, shi ke nan mun rabu da jin juna, kuma wannan shi ne tsorona.

Kwana uku na yi a zaure ina rubuta masa bayani, mutane suna wucewa da fartanya suna mini sannu da hutawa. Na haɗa shafuka masu yawa, ina ji da kaina. Baba ya jujjuya su ya ajiye a kan tabarma.

"Wannan ai ka rubuta wa kanka ne," in ji shi.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ya shiga ɗaki ya fito da gafakar kakana, ya buɗe wani tsohon littafin fiƙihu. Tsakanin layukan Larabcin akwai ƙananan rubutu na ajami, kowace ma'ana a manne da kalmarta.

"Ka gani? Mai karatu ba ya tashi neman bayani a wani wuri."

Sai na tuna manhajar tana tsallake duk layin da ya fara da alamar #. Na ajiye takarduna, na zuba bayanin cikin fayil ɗin, a saman kowane layi, da Hausa, kowane bayani da alamar # a farkonsa. Yana karantawa yana gyara mini, har da cewa na cika surutu.

Shekara huɗu wasiƙunsa suna zuwa, labarin shuka, farashin taki, wanda ya rasu. Sau biyu abin ya tsaya, Baba ya gyara da kansa bai tambaye ni ba.

Bayan rasuwarsa, da aka watse daga zaman makoki, na kunna kwamfutar na buɗe fayil ɗin. Ashe ya ƙara nasa sharhin a ƙarƙashin nawa, kowanne da alamarsa daidai. A saman layin shigowar wasiƙa ya rubuta:

# Kada kowa ya taɓa nan. Ta nan ɗana yake shigowa.

Na daɗe a zaune ban iya rufe shi ba.