Ledar Ruwan da Na Nace A Sa wa Yayata

Da hurhura a kaina na koyi rubutu, ajin manya, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri. Zancen mutuwar yayata nika son hwaɗi, wadda muke ciki ɗaya.

Ciwon daji ya ci mata nono har ya kai ƙashi. Bayan an cire albasa munka ɗauko ta daga Goronyo zuwa asibiti a Wurno. Nas ɗin da ka duba ta yarinya ta, ba ta kai autata ba. Kwana biyu da zuwanmu tak kira ni bakin ƙohwa.

Tac ce, "Inna, magani ya kai iyakatai. Abin da ya rage mu sauƙaƙa mata raɗaɗi, mu riƙa jiƙa mata leɓe da auduga. Ke zauna wajen kanta kina tuna mata kalmar shahada."

Mu a ƙauye, in ba a rataya wa majinyaci ledar ƙarin ruwa ba, ba a yi mishi komi ba. Ga dangin mijinta bisa tabarma suna kallona. Na ji tsoron su koma gida su ce na bar ta.

Nic ce, "Mi kika sani? Shekarunki nawa da za ki yanke wa mutum kwana? Sa mata ruwa, ko ki kira wanda ya iya aiki."

Tac ce jijiyoyin sun ɓuya, jikin ba ya karɓa. Na ɗaga murya har masu jinyar gadon gaba sunka juyo. Sai tad ɗauko allura.

Ta soka, ba ta samu ba. Ta sake. Ni na danne hannun yayata don kar ta hizge. Bakinta na motsi, ni kuwa ina cewa, "Daure, Yaya, yanzu a gama." A suka ta biyat numhwashi ya tsaya. Ba wanda ya laƙanta mata shahada. Kunnenta na can, ni ina nan bisa hannu.

Yarinyar ta ruhe mata ido, ta ɗaure haɓa, ta juya ta gabas. Sannan ta durƙusa gabana tac ce, "Inna, ki yahe mini."

Dangin miji na saurare. Nic ce, "Ba komi, Allah shi kiyaye gaba."

Haka nic ce mata. An hwaɗa mini an maida ta asibitin Rabah. Damina ukku ke nan, motar Rabah na tashi kullum, ban tahi neman gahwararta ba.