Gidan da Rhoda ta Zana

Rhoda 'yar Kaboji ce, babanta manomin doya. An kawo ta Kontagora wajen gwaggonta don ta yi sakandare, aka zaunar da ita benci ɗaya da ni, Mardiyya 'yar Alhaji Lukuman mai sayar da siminti. A lissafi ina gabanta, a Turanci ma haka. Amma ita in ta ga gini sai ta tsaya ta saki baki kamar ta ga motar amarya. Hanyar gida ma ba ma zuwa da wuri, don duk kangon da muka wuce sai ta leƙa.

Muna aji biyu na babbar sakandare ta ce wa malaminmu, Mista Fidelis, tana so ta zama mai zanen gidaje, sai dai ba ta sani ba ko za ta iya. Ya ce ta nemi gidan gaske ta gwada a lokacin hutu, ta daina zanen benayen da babu mai shiga.

Ni da bakina na ba Baba labari don mu yi dariya. Bai yi dariyar ba. Yana da fili a hanyar Rijau, sai ya ce a kira ta. Mutumin da in na kawo sakamako yake cewa "to, madalla" ba tare da ya ɗago kai ba, shi ne ya shimfiɗa wa Rhoda tabarma, ya sa aka kawo mata lemo. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba.

Ta zagaye filin da igiyar awo a cikin rana, ta zo da zanenta. Zaure, tsakar gida, madafi, komai tsaf. Baba yana ta gyaɗa kai. Ni kuwa na zuba ido ina neman aibi, kuma Allah ya ba ni. Rhoda 'yar coci ce, ba ta taɓa tunanin alƙibla ba, ta sa ban-ɗakuna duk suna kallon gabas.

Na ce, "Baba, ka duba fa. Alƙibla za mu riƙa fuskanta?"

Na gyara zama ina jiran a naɗe takardar a miƙa mata. Ita kuwa ko kunya ba ta ji ba, idonta ma sai ya yi haske.

"Baba, ashe har wannan ana dubawa? To wane abu kuma ban sani ba?"

Suka zauna har la'asar, Baba yana lissafa mata. Inda mata za su shanya kaya baƙo bai gan su ba, inda za a yi alwala, tagar da ba za ta leƙa gidan maƙwabci ba. A hanya ta riƙe hannuna ta ce ranar ta tabbatar wannan ne aikinta, wai ni na buɗe mata ido. Da ma na yi shiru.

Yanzu tana jami'a tana karanta zanen gine-gine. Mu kuma muna cikin gidan, bayan wani ƙwararre ya duba zanen ya sa hannu. Gidan yana da iska, ba zan yi ƙarya ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni.

Duk baƙon da ya zo, Baba sai ya zagaya da shi yana cewa, "Rhoda ce ta fitar da wannan, Rhoda ce ta ce a yi haka." Sunana sau ɗaya yake fitowa, in sun iso can ƙarshen gida. Sai ya nuna ƙofar ya ce, "Ban-ɗakin nan kuma Mardiyya ce ta juya mana shi."