Sitiyarin Baffa da Tafiyar Baba Tsoho

Ɗazu jikata ta zuba kananzir a kan wani kwaɗon ƙofa da ya yi tsatsa, ta bar shi a rana. Warin kananzir a kan ƙarfe mai zafi ya bugi hancina, sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Yarinyar ta dube ni kamar tsufa ya fara taɓa min kai. Bari ku ji abin da ya ba ni dariya.

Ina 'yar ƙarama, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, ƙasar auduga da dawa. Mai gidan shi ne kakana, wanda muke kira Baba Tsoho. Ni kuwa ba ya kirana sai amaryarsa, kullum yana yi min tsiyar ban iya dama fura ba. Ƙanen mahaifina, Baffa, shi ne mutum na farko da ya kawo mota ƙauyenmu. Wata tsohuwar a-kori-kura ce da ya saya a Funtua bayan ya gama yaron mota. Ba ta tashi sai an tura, gilashin bayan direba babu shi, amma in Baffa ya zauna a ciki ya karkace hula, ko hakimi albarka.

A bazarar wata shekara, bayan an sayar da auduga, Baba Tsoho ya yi niyyar Makka. Aka tsara Baffa ne zai kai shi tashar jirgin ƙasa ta Funtua. Baba Tsoho kuma ya yi min alkawarin zan raka shi, wai ango ba ya tafiya amarya ba ta ɗaga masa hannu ba. Ban taɓa ganin jirgi ba. Na daina cin abinci sosai don ɗoki.

Ana saura 'yan kwanaki, Baba Tsoho ya fito da sandarsa ya zagaya motar kamar mai tayin jaki. Ya leƙa ciki, ya ga sitiyarin ya tsage gida biyu, an naɗe shi da waya da tsumma.

Ya ce, "Kai, direba. Wannan ne linzamin?"

Baffa ya ce, "Shi ne, Baba. Lafiyarsa lau."

"Ba zan fara tafiyar Makka da linzamin tsumma ba. Ko ka sake shi, ko in hau jakina."

Washegari Baffa ya tafi Funtua ya dawo da wani sitiyari baƙi mai sheƙi, rataye a kafaɗa. Ya ce aikin bai kai a sha ruwa ba. Ya ɓamɓare murfin ham, ya sa sifana ya kwance babban notin da ke tsakiya, ya jefa shi aljihu. Ya kama sitiyarin da hannu biyu ya ja. Shiru. Ya cire riga ya sake ja. Motar ce kawai ta girgiza. Sitiyarin nan ya shekara da shekaru a kan sandar ƙarfensa, tsatsa ta haɗa su sun zama abu ɗaya.

A ƙauye ba a yin wahala a ɓoye. Kafin azahar an kewaye motar, kowa da shawararsa. Maƙerin garinmu ya zo da guduma, ya ce babu ƙarfen da ba ya jin magana. Ya yi ta duka har ya gaji, abin da ya samu kawai shi ne ham ɗin motar ya maƙale, ya yi ta kuka har sai da aka cire wayar batir. Wani ɗan kokawa da ake ji da shi a yankin ya shiga, ya yi kirari, ya ja har wandonsa ya yage, ya fita ta ɗaya ƙofar bai yi wa kowa sallama ba. Liman ya tsaya zai wuce masallaci, aka roƙe shi ya yi tofi. Ya yi, amma ya ƙara da cewa a haɗa da kananzir.

Aka zuba kananzir. Kakata Iya ta ce kananzir wuta ne, abin da ya ƙi fita lallashi yake so, ta aiko ni da ludayin man gyaɗa. Aka zuba shi ma. Rana ta dafa su tare a kan ƙarfen, wari ya cika ƙofar gida. Sitiyari bai motsa ba. Ni kuwa na koma bayan rumbu na yi kuka, don na ga jirgina yana tafiya ba ni.

Kashegari abokin Baba Tsoho ya zo yi masa bankwana. Wani Bamaguje ne daga wajen Kafur, babban manomi, tun suna samari suke tare. Ya saurari labarin, ya ce shi bai san mota ba, amma ya san babu kututturen da ya taɓa gagarar shanunsa. Aka aika aka koro shanun huɗa biyu, manya, da karkiyarsu. Aka ɗaura igiya a sitiyari, aka zura ta ta tagar baya inda babu gilashi, aka ɗaure a karkiya. Aka tokare tayoyi da duwatsu.

Mutumin ya yi wa shanun magana a hankali. Igiya ta miƙe ta yi ƙara. Sai muka ga motar ta hau duwatsun, ta sauka, ta bi shanu da baya-baya. Shanun da suka ji abu na bin su suka ƙara mai. Baffa na gudu a gefe yana neman ƙofa, mota ta rushe dangar Iya, ta bi ta kan akurki, ta tsaya a jikin bishiyar ɗorawa. Kaji suka watse ko'ina. Sitiyari yana nan inda yake.

Iya ta fito da muciya a hannu, ta dubi danga, ta dubi tsofaffin biyu. Bamagujen ya kwance shanunsa da sauri, ya ce da Baba Tsoho, "In ka je ka roƙa mana ruwan sama. Wannan sitiyarin kuwa ka roƙa masa daban."

Da la'asar mutane suka watse. Baba Tsoho ya sa aka fito da akumarin jakinsa aka kakkaɓe a gaban kowa, ya ce da ni, "Amarya, jaki ba ya ɗaukar mutum biyu zuwa Funtua, sai haƙuri." Baffa ya ji. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don duk ƙauyen yanzu shi ake yi wa dariya. Ya shiga motar ya zauna, ya tura gwiwoyinsa ƙarƙashin sitiyarin, ya kama shi yana jijjigawa hagu da dama yana zaginsa ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a bakin ƙofar ina kallo.

Ko kananzir ne ya ratsa, ko man Iya, ko shanu ne suka sassauta shi, Allah kaɗai ya sani. Sai kawai na ji ƙas. Sitiyari ya fito gaba ɗaya, da duk ƙarfin da Baffa ya sa, ya same shi a baki. Ya fito riƙe da sitiyari a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan leɓe. Ya tofar da jini, da haƙorin gaba guda. Daga baya ne wani bakanike a Funtua ya gaya masa ba a cire notin duka, ana barinsa a baki-baki don ya tare sitiyarin. Baffa ya ce ai da ya faɗa da wuri.

Da baki a kumbure ya ɗauko sabon sitiyarin ya ɗora. Sai ya zurma, yana juyi kamar faifai a kan tsinke. Ashe na babbar mota ne, raminsa ya yi faɗi.

Baba Tsoho ya daɗe yana kallo, kafaɗunsa na rawa, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya a gaban ɗansa. Sannan ya ɗauki tsohon sitiyarin da kansa ya kai wa baduku. Aka ɗaure tsagar da sabuwar waya, aka lulluɓe shi da jar fata, aka ɗinke tsaf har da tuntaye. Baffa ya mayar da shi inda ya fito, ya ɗaure noti. Baba Tsoho ya shafa fatar ya ce, "To, yanzu ya zama linzami."

Da shi muka je Funtua. Na ga jirgi, ya yi kuka, na ɓuya a cikin rigar Baffa, har Baba Tsoho ya shiga ban ɗaga masa hannun ba.

Ruwan farko ya sauka kafin Baba Tsoho ya dawo. Da ya sauko daga mota ya yi murmushi, sai ga haƙorin Makka yana walƙiya a bakinsa, na gaba, daidai gurbin da Baffa ya rasa nasa. Ya kira Baffa ya tsayar da shi kusa da shi a gaban 'yan barka, ya ce, "Ku duba da kyau. Gidan nan bai yi asara ba. Ɗaya ya fita, ɗaya ya shigo."

Yau motoci sun cika hanyar nan har ba mai ɗaga kai ya dube su. In mota ta lalace sai a kira bakanike a waya, ya zo da ɗan ƙarfen da ke zare sitiyari ba gumi, ya gama ya tafi, maƙwabci ma bai sani ba. Aiki ya yi sauƙi, ban musa ba. Amma ban ƙara ganin matsalar mutum ɗaya ta tara liman da maƙeri da ɗan kokawa da shanun Bamaguje a ƙofar gida ɗaya ba. Duk sun riga mu gidan gaskiya. Baffa ne na ƙarshensu. Ya je Makka shi ma da tsufansa, 'ya'yansa suka matsa masa ya cike giɓin da zinariya, ya ƙi. Ya ce Baba ya riga ya sa nasa a madadinsa, ba a biyan abu sau biyu.