Kawu Sale da Tukunyar Gas

Duk wanda ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya san ba ya shiga ɗaki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya shinshina. Ko masallacinmu na Ajingi ne, sai ya ɗaga hanci sau biyu kafin ya cire takalmi. In aka yi masa dariya ya ce, "Ku yi ta yi, ni dai ban shirya mutuwar ganganci ba."

Shekarar da ya tashi daga jinya, ɗana Nura da ke aiki a Kano ya kama mana wani gida a bayan garin Balan don Kawu ya huta, irin wanda ake ba masu son hutu haya na 'yan kwanaki. Babu mai dafa maka, kai za ka zo da cefanenka. Muka tafi mu uku: ni, da matata Hajara, da Kawu.

Da a-daidaita-sahu ta sauke mu, Kawu ya dubi gonakin da suka kewaye gidan ya ce, "Idi, hutun ke nan? An ɗauko ni daga ƙauye an kawo ni ƙauye! Dawar nan ma ba ta kai tawa ba."

A kicin muka tarar da tukunyar gas, da wata takarda manne a bango. Ni ajami na iya, takardar kuwa Turanci ce zalla.

"Me aka rubuta?" in ji Kawu.

"Wallahi, Kawu, ban sani ba."

"To, murhun da sai an rubuta masa takarda, ni ba zan ci tuwonsa ba."

Ya fita tsakar gida ya jera duwatsu uku dab da furannin mai gidan. Na ce, "Kawu, furannin mutane!" Ya ce, "Ana miya da su?" Haka muka yi kwana biyu, Hajara na dafa mana a gas, shi yana dama kununsa a waje yana harararmu.

Rana ta uku da hantsi ina zaune ina duba littafi, Hajara ta shiga kicin za ta ɗora girki. Tun jiya ta rufe tagogi saboda ƙuda, ga mura ta toshe mata hanci. Kawu ya zo aron ludayi. Ya tsaya a ƙofa, ya shinshina. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba:

"Hajara, kar ki ƙyasta! Don Allah kar ki ƙyasta!"

Na taso da gudu. Ashana na hannunta, tsinke ya riga ya hau kan kwali. Kawu ya damƙe hannun, ya jawo ta waje. Warin gas ya buge ni har cikin maƙogwaro. Innalillahi! Ba mu tsaya ba sai cikin dawa, babu mai takalmi a cikinmu.

Na ciro waya daga aljihu na kira Nura. Ya ce, "Baba, ba kwa rufe kan tukunyar bayan girki? Ai abin da takardar ta ce ke nan! A shiga a murɗa shi, a buɗe tagogi, kar a kunna komai."

To, wa zai shiga? Na yi taku biyu, na ja da baya. Kawu ya ture ni gefe. "Kauce. Kai kana da iyali, ni na ci zamanina." Ya naɗe hanci da rawani, ya yi bismilla, ya shige. Muka tsaya muna salati, Hajara na kuka. Can sai muka ji taga ta buɗe, sai ta biyu. Sai ga shi ya fito a hankali, ya zube a gabana.

"Idi, riƙe ni. Ƙafafun nan ba nawa ba ne." Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ka gaya wa Nura, in ya ƙara tausayina, ya aiko da goro kawai."

Ranar duk a murhunsa muka ci, bai kuwa bar mu mun manta ba.

Yau Hajara na goyon jikokinta, Kawu yana kwance a maƙabartar Ajingi. Ya Allah, bawanka ya tsamo mu daga wuta yana rawar jiki don tsoro. Ka tsare shi daga wuta, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi hutu na gaskiya. Amin.