Bunsurun Bu Sumirah

Duk wanda ya tashi a lungunmu na bayan kasuwa a birnin Semarang ya san shagon gem, wato wasan bidiyo, na Pak Wagiran, domin ko bai tuna ranar da ya shiga ba, zai tuna ranar da uwarsa ta fito da shi riƙe da kunne. Pak Wagiran gajere ne mai tumbi, kullum zaninsa ɗaure har ƙirji kamar mai shirin shiga wanka. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ba da hayar gem, amma Allah bai taɓa nufinsa da cin wasa ko ɗaya ba. In ya ɗauki mota a tsere, baya take yi. In ya ɗauki ɗan dambe, sai ya maƙale a kusurwa yana tsalle har a gama da shi.

Abin da ya iya shi ne jinyar na'ura. A zamanin kaset, in wasa ya ƙi tashi, sai ya zaro kaset ɗin ya hura masa iska kamar mai tofi. Da aka koma faifai, a kasuwa yake sayo su cikin leda. An ce kamfanonin ƙasashen waje suna ta kuka ana kwafe musu kaya, shi kuwa bai taɓa ganin na asali ba. Ranar da wani ya kawo masa na asalin, ya juya shi ya ga bayansa baƙi, ya mayar masa ya ce jabu ne. In idon na'ura ya gaji ya daina karanta faifai, sai a kife ta, ƙafafunta sama, ta ci gaba da aiki. Kowa a garin haka yake yi, amma Pak Wagiran ya mayar da abin aƙida. Rediyo ta ƙi magana, ya kife ta. Agogo ya tsaya, ya kife shi. In na'ura ta yi zafi kuwa, cewa yake iska ce ta shige ta, ya shafe ta da man zafi ya lulluɓe ta da zani.

Matarsa ma ta dalilin gem ya same ta. Wata shekara talabijin ta tashi da maganar cewa wasannin nan suna koya wa yara kisa. A ƙasashen waje manya suka zauna a majalisa suna muhawara. A lungunmu mata ne suka fito da tsintsiya. Wadda ta ja gaba ita ce Sumirah mai sayar da soyayyen tempe na waken soya, budurwa doguwa mai murya kamar lasifikar masallaci. Ta tarar da ƙanenta yana cire wa wani kai a talabijin.

"Kai ne mai koya wa 'ya'yan mutane yanka?" ta ce da Wagiran.

"Ni, Mbak? Ni da kullum ake yankawa? Tambaye su."

"Wallahi, Mbak, ko kaza ba ya iya kashewa," in ji ƙanen, don "Mbak" muke ce wa yaya mace.

Ta kai wa ƙanen duka, ya goce, tsintsiya ta sauka a kan talabijin, ta faɗo. Wagiran ya kife ta, ba ta tashi ba. Washegari ya sa rigarsa ta batik ta zuwa biki ya tafi kai ƙara wurin mahaifinta. Ba wanda ya san yadda zancen ya juya a cikin ɗakin, amma ya shiga neman talabijin ya fito da ranar aure.

Allah bai ba su haihuwa ba. Bu Sumirah, kamar yadda ake kiranta bayan aure, takan ce yaran da ke ɓata mata tabarma sun ishe ta. Ta zauna a bakin shagon tana suya tana tsine wa gem, yara suna saye suna cewa amin. Intanet ya zo, suka jera kwamfutoci. Sai kuma waya ta zo, kowane yaro ya sa shagon gem ɗinsa a aljihu ya tafi. Kwamfutocin suka bi masu sayen tsofaffin kaya, aka bar guda ɗaya a ƙarƙashin fanka.

Fankar ce ta ja Bu Sumirah. Wata rana da zafi ya yi zafi ta zauna a kujerar don ta sha iska, ta ga wani wasan gona a buɗe. Ta taɓa, barkono ya tsiro. Shi ke nan. Matar da ta fasa talabijin saboda gem ta zama ba ta ɗora tukunya sai ta shayar da gonarta. Wasan kyauta ne, in ji masu shi. Sai dai akwai wasu akwatuna da ake saye a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, kuma yawanci bokiti ne.

"Bu, wannan fa caca ce," in ji Pak Wagiran.

"Caca a gidan wa? Mai caca hannu rabbana yake tashi. Ni ga bokitaina nan."

"Bokitan sun fi gonar yawa."

"Ka je ka kife wani abu, Pak, ka ƙyale ni."

A cikin irin akwatunan nan ne wata rana bunsuru ya fito mata, fari mai gemu, mai tumbi. Ba ya ba da nono, ba ya ja da kaya, aikinsa kawai ya tsaya a kan hanya. Ta sa masa suna Pak Wagiran. Tun daga ranar maƙwabta suke jin ta da safe tana cewa, "Pak Wagiran, matsa ka ba ni wuri, sakarai," ba su san da wanne take ba.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. A asibiti, ana ta karatu a kanta, ta buɗe ido ta kama hannunsa. Ya sunkuya yana jiran wasiyya.

"Kar ka bar min barkono ya bushe," in ji ta. "Kuma kar ka taɓa kabewar, ba ka iya ba."

Bayan an kai ta, Pak Wagiran bai sake taka maƙabarta ba. Mutanenmu sukan je da buta da furanni su zuba wa kabarin nasu ruwa, su zauna su ɗan yi hira. Shi ya ce ƙafarsa na ciwo. Amma kullum bayan asuba sai ya kunna kwamfutar, ya shiga gonar. A ciki akwai wata 'yar budurwa mai malafa da ita ta zaɓa wa kanta, tsaye a bakin rijiya. Ya shayar da barkono, ya ba bunsuru ciyawa, ya ce, "Bu, na shayar." In dai 'yar malafar tana tsaye, to a wurinsa Bu Sumirah tana nan kusa, fushi kawai take yi ba ta amsawa.

Ana nan sai wata safiya rubutu ya rufe gonar. Ya kira abokinsa Kang Jumadi, mai tuƙa keken fasinja, wanda idonsa ya fi nasa gani.

"Sun ce sun gode," in ji Kang Jumadi.

"Madalla. Da me?"

"Da zama da su da kuka yi. Ƙarshen wata za su rufe."

"Su rufe nasu. Wannan gonar Bu Sumirah ce."

"Ai ba a cikin kwamfutarka take ba, Wagiran. Tana can wata ƙasa, cikin wata ƙatuwar na'ura. Ita za su kashe."

"Bunsurun fa? Sayensa ta yi!"

"Kallonsa ta saya."

Pak Wagiran ya shiga lissafi. A zamanin faifan jabu, abin da ka saya naka ne, ko da na sata ne. Yanzu da ya zama mutumin kirki yana biyan kamfani, an wayi gari ba shi da ko igiya. Ya gwada abin da ya sani. Ya ɗauki kwamfutar a keken Kang Jumadi zuwa wurin masu gyara, ya ce su zazzago masa bunsurun a faifai, suka ba shi kujera da ruwa. Aka ce masa mutane a duniya suna sa hannu don a hana kamfanoni kashe wasan da aka saya, ya dangwala babban yatsa a gilashin kwamfutar. Rana dai ta ci gaba da matsowa.

Da ya ga ba makawa, sai ya yanke abin da kowane mutumin lungunmu zai yanke. In abu zai tafi, ba a barinsa ya tafi haka nan, sai an yi selametan, an tara maƙwabta an yi addu'a an ci shinkafa. Ya tafi wurin Mbah Kasturi, limamin masallacinmu.

"Wa ya rasu?" in ji Mbah Kasturi.

"Bai rasu ba tukuna, Mbah. Sai ranar Asabar da tsakar rana."

"Subhanallahi! Wa ya ba ka wannan labarin?"

"Kamfani."

Da liman ya gane zancen, ya cire hularsa ya sosa kai.

"Wagiran, na yi wa sabon gida addu'a, na yi wa sabon babur. Bunsurun da ba ya ko wari, ban san ta inda zan kama shi ba."

"To gonar fa?"

"Ana fitar mata da zakka?"

"A'a."

"To ka gani. Zan zo, amma matarka zan yi wa addu'a. In bunsurun ya ji ya ce amin, ruwansa. Za a yi tsire?"

Girkin ya faɗa hannun Yu Tentrem, maƙwabciyarsu, wadda ba a taro a lungun ba da ludayinta ba. Shi kuwa Kang Jumadi, tausayin abokinsa ya hana shi sukuni. Bai gaya wa kowa ba, ranar Asabar da sassafe ya tuƙa har kasuwar dabbobi ya zaɓo bunsuru fari mai gemu, mai tumbi, ya ɗaure shi a ƙofar gidan Pak Wagiran. Nufinsa in an kashe na kwamfuta ya fito da abokinsa ya nuna masa mai rai. Ya shafa kansa ya ce, "Pak Wagiran, zauna nan, kar ka yi surutu." Ya tafi kai wata fasinja.

To a lungunmu, dabbar da aka ɗaure a ƙofar gidan da ake selametan ba ta da fassara biyu. Yu Tentrem ta fito ta gan shi, ta ce Allah ya saka wa mai wannan sadaka, ta ƙwala wa mijinta kira ya zo da wuƙa.

Kafin rana ta take, shagon ya cika kamar zamanin da. Yaran da aka ja wa kunne sun zo da tumbinsu da 'ya'yansu. An girke tulin shinkafa mai kurkum a tsakiyar tabarma, tsire yana zagayawa. Kwamfutar tana kan tebur an rataya mata furanni. Mbah Kasturi ya ja addu'a ga Sumirah, aka shafa. Pak Wagiran ya shayar da barkonon, ya ba bunsuru ciyawa. Sai kuma ya miƙa hannu ya girbe kabewar.

"Ta hana ka fa," in ji Yu Tentrem.

"Ta zo ta hana ni."

Ba ta zo ba. 'Yar malafar tana tsaye a bakin rijiya, sai hoton ya daskare, sai ya yi fari, sai ga rubutun godiya. Pak Wagiran ya tashi a hankali, ya rungumi kwamfutar ya kife ta, ƙafafu sama. Ba wanda ya yi dariya. Ya jira. Rubutun godiyar ne dai, a kife.

Kang Jumadi ya share ido, ya ajiye tsinken tsirensa na kusan goma, ya kama hannunsa.

"Wagiran, taso. Ba a bar ka haka ba. Zo ka ga abin da na ajiye maka."

Jama'a suka biyo su ƙofar gida. Igiya ce kawai a jikin ginshiƙi, da 'yar ciyawa.

"Ina Pak Wagiran?" in ji Kang Jumadi.

"Ga shi kana riƙe da shi," in ji Yu Tentrem.

"Ba wannan ba! Farin, mai gemu! Na kiwo ne, Yu, na kiwo!"

Yu Tentrem ta dubi tsinken da ke hannunta. Kowa ya dubi nasa. Mbah Kasturi, da bakinsa ke cike, ya tsaya da tauna, ya yi tunani, ya ga dai an yanka shi da bismillah, ya haɗiye.

"To kai wa ya ce ka ɗaure shi nan ranar selametan?" in ji Yu Tentrem. "Ko kai na tarar a ɗaure da sai dai a yi haƙuri."

Pak Wagiran ya dubi igiyar, ya dubi abokinsa. Kafaɗunsa suka fara rawa, mutane suka zaci kuka ne. Dariya ce, irin wadda ba a ji daga bakinsa ba tun ranar asibiti, har zaninsa ya nemi kwancewa. Ya karɓi tsinke ɗaya ya gatsa, ya daɗe yana tauna.

"Tauri gare shi," in ji shi.

"Ai Bu Sumirah ta sha faɗin haka," in ji Yu Tentrem.

Washegari bayan asuba ya tashi kamar kullum, ya tsaya gaban kwamfutar da ke kife. Babu abin shayarwa. Ya ɗan zaga ɗakin, sannan ya cika buta, ya tsinki furannin da aka rataya jiya, ya fita. Ciwon ƙafar bai hana shi ba. Mai sharar maƙabarta ne ya nuna masa wurin, don shi ya manta layin. Ya zuba ruwan a hankali tun daga kai har ƙafa, ya zauna a gefe.

"Bu, na shayar," in ji shi. "An rufe gonar. Kabewar na taɓa ta, ki yi abin da za ki yi. Ni kuma jiya mutanen lungu sun cinye ni, har da Mbah Kasturi."

Tun daga ranar can yake zuwa kowace safiya. Mai sharar ya ce ya dasa barkono a gefen kabarin, kuma da ya ga tsiron ya ƙi girma, ya tone shi ya mayar da shi a kife.