Kujerar da Kawu Kyari ya ɓata

Kun san Kawu Kyari masassaƙi, ƙanen uwata, da karan awon nan nasa. Ko masallaci da shi yake zuwa.

Abin ya faro ne ran da aka kira shi bariki gyaran ƙofa. Can ya ga kujerun kumandan, Baturen mulki, na lanƙwasasshen ƙarfe, ba zane, ba ado, kowace kamar 'yar'uwarta. Kuku ya gaya masa wai mutum guda ne ya ƙago fasalinsu a ƙasar Turawa, maƙera suka yi ta bugawa. Kawu ya dawo gida, ko tuwo bai ci ba. Da safe ya yanke kara, ya ce daga yau duk kujerar da zai sassaƙa tsayinta ke nan, zane kuma ya bari har abada.

Matan garinmu Gure suka shiga uku. A gidan biki in an tashi sai rigima, ba mai gane tata. Suka kai masa kuka, ya ce kowace ta ɗauki ta kusa da ita, ai duk ɗaya ne.

Uwargidan mai gari ta aiko a yi mata mai tsayi, da zane, a san tata ce. Ya tambayi 'yar aiken ko abin zaman uwargida daban yake da na sauran mata. Daga ranar gidan suka daina gaishe shi. Ko a jikinsa.

Shekarar da fara ta cinye gero, raƙumi ya ture ni a bakin rijiya, ƙuguna ya goce. Miji ya rasu, ga yara, tuyar ƙosai ce abincinmu, ni kuwa ba na iya zama gaban kasko. Ban roƙi Kawu ba. Na san halinsa.

Wata safiya ya shigo ya yar da kujera a tsakar gida. Ta fi karansa tsayi, an rarake gefe guda, daidai inda ke mini ciwo.

"Ungo, Hajara. Ta ɓaci. Hura wuta da ita."

"Kawu, ba ka auna ba ne?"

"Akuya ta cinye karan."

Ga karan nan a hammatarsa.

A kan kujerar nan na ciyar da yarana har suka girma. In ya zo cin ƙosai sai ya juya baya, wai ba ya son ganin mugun aiki. Haka har ya rasu.

Ya Allah, Ka ga abin da ya ɓata saboda ni. Ka yi masa rahama ba da awo ba.