Ranar da Baba Ya Goge Mini Leda

Shekara huɗu ina zirga-zirga tsakanin gidanmu na Ɗan Iya da ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Yelwa, kuma duk sanda Baba ya tambayi abin da nake yi sai in cika shi da Turanci. Shi mai wanki da guga ne, da dutsen gawayi ya yi mini karatu. Wata 'yar leda nake haɗawa. In aka haska ta da tocila ta musamman aka kashe, sai ta ci gaba da haske ita kaɗai na 'yan daƙiƙu. In ta sha danshi hasken ya mutu, in ta ji zafi ya dawo. Haka na tsara ta.

Lokacin cutar yanar ido ta ci idon Baba sosai, da laluben hannu yake guga. Na ƙudurta sai ya ga aikin nan kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Ranar da na kawo ta, ruwan Agusta ya kama ni a keke. Ni da na fi kowa sanin halinta, a aljihun jaka na jefa ta tsirara. Bayan azahar muka lulluɓa da bargo, ni da shi, na haska na kashe. Duhu kawai.

Kuka ya taso mini. Na ce, "Danshi ta sha, Baba. Sai na mayar da ita injin busarwa, kuma layi ake bi."

Ya karɓa ya murza ta da yatsu biyu. "Uwata, duk bokon naki bai kai ki ga dutsen guga ba?"

Ya hura gawayi, ya kara dutsen kusa da kumatunsa ya ji zafinsa. Ya naɗe ledar a farin ƙyalle yadda yake yi wa aikin wuyan riga. Bai ja dutsen ba, ɗorawa yake yana ɗagawa.

Muka koma cikin bargon. Na haska, na kashe. Sai ga haske kore shar kwance a tafinsa. Na riƙe numfashi har ya dushe.

Ya ce, "Masha Allah. Ja ne jawur, ko?"

Ban taɓa jin son mutum ya matse mini ƙirji kamar lokacin ba. Na ce, "Ja ne, Baba."

Ya ce, "To, sake kunnawa."